Auna Fuska, Ba Riga Ba

Ranar Babbar Sallah ce, shekarata ta farko da kyamara tawa ta kaina. Wani Alhaji a unguwar Bilbis ya aiko yaro ya kira ni bayan an sauko daga idi, yana son hoto da babbar rigarsa. Shadda ce fara sol, ta sha aiki tun daga wuya har aljihu, ga sitati tana ƙara in ya motsa. Kafin ya gama da masu gaisuwa sha biyu ta kusa. Na tsayar da shi a tsakar gida, rana tana bisa kai, na bar kyamara a kan otomatik, na danna. Da na kai masa katin bayan kwana biyu, ya juya shi, ya matso da shi kusa da ido, ya ce: "Ɗana, riga dai tawa ce, na gane ta. Amma wa ka sa a ciki?" Fuskar ta fita baƙi ƙirin, idanu kamar ramuka biyu a ƙarƙashin hula.

Ban karɓi ko dala ba, kunya ba ta bar ni ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kyamarar lafiyarta lau. Aikinta ta yi, ni ne ban san aikin nata ba. To kai ƙanena da ka fara ɗaukar hoton mutane a nan Tawa, ko a Yamai, ko duk inda rana ke dukan farar shadda a jikin baƙin mutum, ga abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa mini tun wancan lokaci.

A cikin kowace kyamara akwai ma'aunin haske, kuma zato guda aka gina shi a kai: wai duk abin da ka nuna masa, in an gauraya farinsa da baƙinsa, ruwan toka zai tashi, irin tokar da ke mayar da wajen kashi 18 cikin 100 na hasken da ya faɗa mata. Nuna masa farar rigar da ta cika hoto, sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya yi ta ragewa har rigar ta koma toka-toka. Fuskar da ke saman rigar kuwa, da ma ta fi ta duhu nesa ba kusa ba, sai ta nutse. Abin da ya sami Alhaji ke nan. Haka in aka juya. Ran Lahadi, ranar kasuwar Tawa, nemi izinin dattijo daga Azawak mai rawanin turkuɗi, ka cika hoto da rawanin. Ma'auni zai ga duhu ya ƙara haske, turkuɗin ya koɗe kamar ya shekara goma a jiki, ɗan abin da ya bayyana na fuska ya yi fari fat.

Abu uku ne a hannunka, kuma ba zan daɗe a kansu ba. Na farko buɗewar idon gilashi, wadda ake rubutawa f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16. Ƙaramar lamba ido ne a buɗe, haske da yawa, bayan mutum ya narke. Babbar lamba ido ne a tsuke, komi ya fito tar. Duk tsalle ɗaya daga lamba zuwa ta gaba yana raba hasken gida biyu, kuma shi nake kira mataki. Na biyu saurin ƙiftawa, wato ɗan lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, a kason daƙiƙa: daga 1/125 zuwa 1/250 mataki ne na raguwar haske, daga 1/250 zuwa 1/500 wani mataki. Na uku ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara: 100, 200, 400, 800, kowane ninki mataki ne na ƙarin haske, sai dai in ka yi sama da yawa hoton zai fara yin yashi-yashi, musamman a wuraren duhu, wato a fuskokinmu.

A hoton mutum, da idon gilashi nake farawa. Mutum ɗaya, f/2.8 ko f/4. Iyali sahu biyu ko uku, f/5.6 zuwa f/8, in ba haka ba na gaba su fito, na baya su zama hayaƙi. Daga nan ƙiftawa: ba na sauka ƙasa da 1/125 ga babba a zaune, yara kuwa 1/250, don ba su san tsayawa ba. ISO shi ne na ƙarshe, in ɗaga shi daidai abin da ya cike giɓi kawai.

Akwai tsohon lissafi da masu fim suka bar mana, ka haddace shi. A rana tsaka ba gajimare, ISO 100 da f/16 da 1/125 suna kusa da daidai. Buɗe ido mataki ɗaya, ka ninka sauri: f/11 da 1/250, f/8 da 1/500, f/5.6 da 1/1000, f/4 da 1/2000, f/2.8 da 1/4000. Ka lura da wannan ta ƙarshe. Yawancin ƙananan kyamarorin da muke farawa da su a 1/4000 suke tsayawa. Saboda haka yaron da ya sayi gilashi mai f/1.8 jiya, ya fita da shi cikin ranar watan Afrilu yana son baya ya narke, hotonsa zai ƙone, kuma ba maɓallin da zai cece shi.

Amma ko lissafin ya zauna daidai, rana tsaka ba ta yi wa fuska adalci. Tsakanin farar shadda a rana da idon da hula ta yi wa inuwa akwai tazarar da kyamara ba ta iya ɗauke ta duka. In ka ceto riga ka rasa fuska, in ka ceto fuska aikin rigar ya goge. Don haka gyaran farko da ƙafa ake yin sa, ba da yatsa ba. Ka ɗauke mutumin daga rana.

Nan ne nake so ka fi mai da hankali, don ba kowace inuwa ce inuwa ba. Ƙarƙashin dogon yaro akwai sanyi, amma hasken da ke ratsowa tsakanin ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare, goshi da tabo, kunci da tabo, kuma ba ka ganinsu sosai sai hoto ya fita. Tantin biki mai launin shuɗi ko kore yana shafa wa fata launinsa, amarya ta fito kamar marar lafiya. Rumfar kwano can ciki duhu ne kawai. Wurin da ya fi mini ko'ina shi ne bakin zaure ko bakin shago: mutum ya shiga taki ɗaya ko biyu daga inda rana ta tsaya, fuskarsa tana kallon waje, kai kana waje kana kallon ciki. Hasken yana zuwa masa da faɗi, mai laushi, bayansa ya yi duhu da kansa, ga jan yashin garin nan yana tura ɗan haske mai ɗumi ƙarƙashin haɓa. Inuwar dogon bango ma ta yi. A irin wannan inuwa mai buɗaɗɗen sama, hasken yana ƙasa da na rana da wajen mataki uku, wato f/2.8 da 1/500 a ISO 100. Kada ka raina hasken tsakar gida. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin hotonsa a Bamako a 1948, da hasken rana da zane a bango ya ɗauki akasarin hotunan da ake rataye yau a manyan gidajen tarihi.

In gefe ɗaya na fuska ya yi duhu, ba sai ka sayi komi ba. Farin kwali, ko abin nan mai ƙyalli da direbobi ke rufe gilashin mota da shi, a ba yaro ya riƙe daidai ƙirjin mutumin, ya karkata shi har ka ga ɗigon haske ya bayyana a cikin ido. Mai ƙyallin yana da ƙarfi, a ja da shi baya, kar ya kashe wa mutum ido.

Yanzu sai awo. Cire ma'auni daga inda yake auna hoto duka, ka mai da shi na ɗigo, wanda ke auna ɗan ƙaramin wuri. A Nikon ɗigon yana bin inda ka sa saiti. A yawancin Canon yana tsakiya. Ɗora shi a kunci, ɓangaren da haske ya fi samu, ba a goshi mai ƙyalli ba. To amma tuna da zaton nan na toka. In mutumin baƙi ne sosai, ma'auni zai so ya mai da shi toka, wato ya haskaka shi fiye da yadda Allah ya yi shi. Ni nakan rage kashi biyu cikin uku na mataki, wani lokaci mataki guda. Wankan tarwaɗa nakan bar shi kusa da sifili. Mai haske sosai in ƙara kaɗan. Waɗannan lambobin nawa ne da kyamarata, kai ma sai ka gwada taka. In ka samu daidai, ka koma M, inda kai ke saita komi da hannunka, ka kulle lambobin. Muddin hasken wurin bai sauya ba, a kawo mai farar riga, a kawo mai baƙar abaya, ba ka taɓa komi ba. Wannan ya fi komi sauƙaƙa mini aiki ranar suna, inda mutum talatin ke bin layi a bango ɗaya.

In kana gaggawa kana kan A, ko Av a Canon, inda kai ke zaɓen idon gilashi kyamara ta zaɓi sauri, maɓallin nan mai alamar +/- shi ne abokinka. Fari ya cika hoto, ƙara. Baƙi ya cika, rage. Da farko kan mutum yakan ɗaure, don gani yake kamar a juye ya kamata.

Bari in ɗan ratse. Za a yi ta ce maka "ka haskaka ni". Wasu abokan sana'a sai su ƙara mataki biyu, fata ta wanke, hanci ya ɓace, mace ta fito ko uwarta ba ta gane ta. Ni ba na yi. Abin da mai wannan roƙon ke nema, in ka bincika, shi ne a ga fuskarsa sarai, don ya gaji da hotunan da yake fitowa kamar inuwa. Baƙar fata da sheƙi take nuna siffarta: ba ta haske mai faɗi daga gefe, a goge zufa da maiƙo da hankici kafin a danna, za ka ga kunci da goshi sun fito da kyau ba tare da ka sauya wa mutum launi ba.

Kada ka yarda da allon bayan kyamara. A rana yana yi maka duhu, sai ka ƙara haske ka ƙona hoto. Da dare yana yi maka haske, sai ka rage, ka je gida ka tarar da duhu. Koyi duba histogiram, ɗan zanen nan mai kama da tudun yashi. Hagu duhu ne, dama haske. In tudun ya hau bangon dama ya manne, farin ya ƙone, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa. Kunna gargaɗin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyafta baƙi-baƙi. In ɗan sheƙi a kafaɗa ne ke ƙyaftawa, bar shi. In aikin gaban riga ne, ko goshi, rage. In kyamararka tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da ba ta sarrafa ba, ɗauka da shi, yana ba ka damar ɗago inuwa a kwamfuta fiye da JPEG, hoton da ta riga ta sarrafa, ko da yake yana cin wuri a katin ajiyar kyamara.

Lokacin hunturu hazo yana tace rana, fuska ta yi kyau ko a fili, amma sama takan yi fari ta ruɗi ma'auni kamar rigar Alhaji. Rage sama a cikin hoton, ko ka ƙara haske. Kuma kar ka sauya gilashi a waje cikin ƙura. Da damina gajimare na wucewa yana sauya haske da mataki biyu kafin ka ce kwabo, nan kam kullen M ba ya daɗewa, sai ka riƙa dubawa.

Bikin dare kuwa maganar filashi ce. Yawancin kyamarori ba sa tafiya da filashi sama da 1/200 ko 1/250. Wuce nan ka ga baƙin layi ya yanke hoto. Abin da ya daɗe bai shige ni ba shi ne ƙiftawa ba ta taɓa hasken filashi a kan fuska, bayan mutum kawai take haskakawa ko duhuntawa. Saboda haka nakan fara da ISO 800, f/4, 1/60, don fitilun wurin da jama'a su bayyana, amarya kada ta tsaya ita kaɗai cikin rami. A ɗaki, juya kan filashi ya bugi farin silin ko bango. A fili ba abin da zai buga, sai ka rage ƙarfinsa ka matso. Hodar amarya tana mayar da filashi fiye da fatar wuyanta, in ka yi mata kai tsaye da ƙarfi fuska za ta yi fari wuya ya yi baƙi.

Ga aikin mako ɗaya. Nemi ƙaninka ya sa farar riga. Ɗauke shi a rana tsaka, a bakin zaure, a inuwar bango, da bayan la'asar rana tana bayansa. A kowane wuri hoto biyar, kana ragewa ko ƙara mataki: -2, -1, 0, +1, +2. Rubuta lambobin a littafi, ka buɗe hotunan a kwamfuta cikin ɗaki, ba a waya a rana ba. Gobe ya sa baƙar riga ka maimaita.

Alhaji kuwa, na koma wurinsa ran Juma'ar da ta biyo, kafin ya tafi masallaci. Na roƙe shi ya sake sa rigar, na sa aka ajiye masa kujera taki biyu cikin zaurensa, jikansa ya riƙe kwali. ISO 400, f/4, 1/250. Aikin rigar ya fito zare-zare, furfurar gemu ta fito. Kati uku ya sa na wanke masa, ɗaya aka kai wa ɗiyarsa da ke aure a Ƙonni.