Laftop na ɗaukewa in an jona wayar salula: kurakuran da na gaji da gani

Ba a yin mako a shagonmu na kasuwar Farm Centre da ke Kano ba tare da wani ya shigo rungume da laftop ba, yana cewa, "Malam, ina jona waya sai ta ɗauke." Wata allon ne ke komawa shuɗi, wata kuma ta mutu ta sake tashi da kanta. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na rubuta.

Babban kuskure shi ne saurin yin fomat, kuma ni ma ya taɓa ci na. Ina yaron shago wata ɗaliba ta kawo tata, na ce mata bairos ne, na goge komai ban kwashe mata fayil ko ɗaya ba. Na gama ɗora sabon Windows ina ta jin kaina, ta zaro wayar cajin salularta daga jaka ta jona, kwamfutar ta mutu a gabana. Maigidana ya karɓi wayar cajin, ya lanƙwasa ta daidai wuya, sai ga jar waya da baƙa sun saɓule suna haɗuwa. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, wannan ne bairos ɗin?" Furojet ɗinta babi huɗu ne a ciki. Kwana uku ina fama, babi biyu kawai na iya dawowa da su. Har yau in na tuna kukanta sai jikina ya yi sanyi.

Don Allah, kafin ka taɓa Windows, canza wayar caji. In ba ta daina ba, canza ramin USB, wato inda kake soka wayar cajin a jikin laftop. In ba ta daina ba, jona wata wayar salula. Ɗaya bayan ɗaya, ba duka lokaci guda ba, in ba haka ba ba za ka gane mai laifin ba. Wayar cajin da na kama da laifi almakashi nake sa mata, don in ka jefar da ita lafiya ƙalau, ƙanenka zai tsinta.

Na biyu, mutane sun mayar da laftop gidan caji. Ramin USB 2.0 a ƙa'ida miliyamf 500 yake bayarwa a kan bolt 5, wato wat 2.5. Na USB 3.0, mai shuɗin harshe, miliyamf 900. Wayarka kuwa ta saba da caja mai wat 18 ko 33. Kwamfuta mai lafiya takan taƙaita wutar, ko ta rufe ramin ta yi maka gargaɗi. Amma wadda batirinta ya daɗe da mutuwa, aka haɗa ta da jabun caja mai wat 45 alhali 65 take buƙata, ga janareta na hawa da sauka, dama da ƙyar take numfashi. Ka ƙara mata waya, me kake so ta yi? Juya ta ka karanta abin da aka rubuta a ƙasanta, ka gwada da na jikin cajar. Arha kashe kuɗi.

Ƙurar hunturu na cika rami, amma kar ka soka allura. Kashe kwamfutar ka share da busasshen buroshi. Masu jona waya huɗu a hob ɗaya (abin da ke raba rami ɗaya zuwa da yawa) kuma, Allah ya shirye ku. In allon ya yi shuɗi, ɗauki hoton rubutun da ke ƙasa kafin ya ɓace, maimakon ka zo kana cewa "wani Turanci ya rubuta".

In sai ka zaɓi tura fayil take mutuwa, amma a caji kaɗai lafiya lau, to galibi direba ce, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane wayar. Shiga Device Manager na Windows ka cire direbar wayar, ka kashe ka kunna, za ta sake ɗora kanta. Ni nakan kuma shiga USB Root Hub in cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe ramin don tattalin wuta. Wasu abokan sana'a na cewa ɓata lokaci ne, ni dai ta sha yi min aiki.

Ramin da harshensa ya karye kuwa, salatif nake manna masa har ranar da mai ita zai samu kuɗin canzawa.