Yadda Kirista zai nemi ta'aziyya sa'ad da zuciya ta yi nauyi

Baƙin ciki mai tsanani yakan fara da ɗaure wa mutum baki wurin addu'a. Ka durƙusa, kalma ta ƙi fitowa. Ka buɗe Littafi Mai Tsarki, ido na bin layi amma ba abin da ke shiga. Sai wani nauyi ya hau kan na farko, wato tunanin cewa bangaskiyarka ce ta yi sanyi. Wannan tunanin za a fara kawarwa, don shi ke hana mutum neman taimako, kuma Nassi bai goyi bayansa ba. Manzo Bulus ya rubuta a 2 Korantiyawa 1:8 cewa wahala ta danne shi da abokan aikinsa har suka fid da rai. Yesu kansa a Getsamani, lambun da ya yi addu'a a daren da aka kama shi, ya ce ransa na cike da baƙin ciki kamar ya mutu (Matiyu 26:38).

Fara da jiki

A 1 Sarakuna 19 annabi Iliya ya zauna a gindin wani itace a jeji, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Mala'ikan da aka aiko bai yi masa wa'azi ba. Ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashe shi ya ci. Sai bayan tafiyar kwana 40 Allah ya yi magana da shi a dutsen Horeb.

Ka bi wannan tsarin. Ka tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, kana neman awa 7 zuwa 8, ka ajiye waya awa ɗaya kafin barci. Ka ci wani abu sau uku a rana ko da ba ka jin yunwa. Ka fita ka yi tafiyar minti 20 da rana. Dogon azumi da addu'ar kwana a zaune kuwa, ka ɗage su tukuna. Ba laifi ba ne a yi su, amma yunwa da rashin barci suna ƙara wa damuwa kaifi, mutum ya shiga neman sauƙi ya fito a jigace.

Addu'ar makoki

Nan ne ainihin aikin. Da yawa daga cikin zabura 150 kuka ne da ƙorafi a gaban Allah, kuma Zabura 13 ta fi sauƙin koyi don aya 6 ce kawai. Ka ɗauki takarda da biro, ka ware minti 15, ka bi sassanta uku.

Ayoyi biyu na farko ƙorafi ne, inda Dawuda ya tambayi Allah sau huɗu har yaushe. Kai ma ka rubuta abin da ke cinka da sunansa. "Ina cikin gwaji" bai isa ba. Ka ce "tun rasuwar mahaifiyata ba na barci, ina jin kamar ka manta da ni". Aya ta 3 da ta 4 roƙo ne. Ka roƙi abu ɗaya ƙarami na yau ɗin nan: barcin daren nan, ƙarfin tashi zuwa aiki, ko ƙarfin halin kiran wani. Aya ta 5 da ta 6 dogara ce, inda za ka rubuta alheri ɗaya da Allah ya taɓa yi maka, da rana da wurin idan ka tuna.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tsallake sashe na farko a faɗa yabo kai tsaye, don mutum yana jin kunyar yi wa Allah ƙorafi. Sai yabon ya tsaya a leɓe, zuciya ta san ba gaskiya aka faɗa ba, mutum ya tashi yana jin kansa munafuki. Ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani. Akwai kuma ranar da sashe na uku zai ƙi zuwa sam. Kada ka ƙago shi. Zabura 88 ta ƙare cikin duhu ba tare da kalmar yabo a ƙarshe ba, amma ga ta nan cikin Littafin.

Idan rubutun ma ya gagara, ka ɗauki roƙon makaho Bartimawas a Markus 10:47, Yesu Ɗan Dawuda ka ji tausayina. Ka ja numfashi kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida kana faɗin kalmomin, har minti biyar. Sakin numfashi a hankali yana rage bugun zuciya. Romawa 8:26 kuma ta ce Ruhu Mai Tsarki yana roƙo dominmu sa'ad da ba mu san abin faɗa ba.

Karatu kaɗan, a bayyane

Ka ajiye shirin karance Littafi Mai Tsarki cikin shekara. Nassi ɗaya ya ishe ka mako guda, ka karanta shi da murya safe da dare, don kunne yakan kama abin da ido ya tsallake. Mai tsoro ya riƙe Zabura 121 ko Ishaya 43:1-2, mai makoki ya riƙe Yahaya 11 inda Yesu ya zub da hawaye a kan mutuwar Li'azaru, wanda ransa ya karaya kuma Zabura 42 da 43 ko Makoki 3:19-26.

Wani gargaɗi da ba a cika yi ba: kada ka riƙa buɗe Littafin a inda hannu ya faɗa. Zuciya mai damuwa takan manne wa ayoyin hukunci, kamar Ibraniyawa 6 ko maganar saɓon Ruhu Mai Tsarki a Markus 3, ta ce da ita ake. Irin waɗannan a karanta su tare da fasto ko wani dattijo da ya san mahallinsu. Haka batun laifi. Zunubi na gaske yana da suna, ana furta shi a karɓi gafara bisa ga 1 Yahaya 1:9, a wuce. Jin laifin da ba ka iya nuna abin da ka yi, wanda ke dawowa bayan tuba sau goma, sau da yawa alamar ciwon damuwa ce.

Mutum biyu ko uku

A Getsamani Yesu ya keɓe da Bitrus da Yakubu da Yahaya ne kawai. Ka zaɓi mutum biyu ko uku masu riƙe asiri, ka roƙe su abu takamaimai, kamar "ka kira ni kowace Talata da dare", don "ku sa ni a addu'a" ana amsawa a manta. Ka guji mai binciko zunubin da ya jawo maka halin. Abokan Ayuba sun kyauta a kwana 7 da suka zauna shiru tare da shi, da suka buɗe baki suka ɓata, har Allah ya husata da su (Ayuba 42:7). Sujada a coci kuma ka je ko da a kujerar baya za ka zauna, ko da ba za ka iya rera waƙa ba.

Lokacin ganin likita

Idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai mako biyu kusan kullum, tare da rikicewar barci ko ci, gajiya, da kasa tattara hankali, ka ga likita ko ƙwararre kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Mai jego da ta ga waɗannan alamu ita ma kada ta jira. Luka, wanda ya rubuta Bishara, likita ne (Kolosiyawa 4:14), shan magani ba ya rage bangaskiya. Magungunan ciwon damuwa sukan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsu, shi ya sa wasu ke watsar da su da wuri. Kada ka daina su farat ɗaya, ko da an yi maka addu'a ka ji sauƙi, sai da shawarar likitan da ya rubuta su.

In kuwa tunanin kashe kai ya zo maka, ka faɗa wa wani yau ɗin nan, ka ba shi duk wani abu mai haɗari ya ajiye nesa da kai, kada ka kwana kai kaɗai, ku tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ana addu'a a hanya.