Yadda ake auna wa 'yan tumaki makiyaya a damina

Ciyawa mai tsayi ba ita ce ciyawa mai ƙiba ba. Ɗan rago da aka yaye ganye mai taushi yake tsinka, ya bar kara, don haka filin gamba da ya kai ƙirjin mutum zai iya barinsa da yunwa. A yankin Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, daga Satumba gamba da kyasuwa suna fara fure, amfaninsu ya yi ƙasa, ko da ido na ganin kore.

Fara da lissafi. Ɗan rago mai kilo 20 yana cin busasshiyar ciyawa kusan giram 700 a rana. Amma sai ka ajiye masa kusan ninki uku, kilo 2, domin zaɓe yake yi, wata kuma ya tattake.

Sannan auna filin. Haɗa sanda huɗu masu mita ɗaya ɗaya, ka aza a wurare biyar, har da inda ciyawar ta yi sanƙo, kada ka zaɓi mai kyau kawai. Yanke, ka bar tushe kamar faɗin tafin hannu, ka shanya har ta yi ƙaras, ka ɗora a sikeli. A ce kowane wuri ya ba da giram 200. 'Yan tumaki 20 na buƙatar kilo 40 a rana, wato fili mai mita 10 sau 20. Na kwana uku, mita 20 sau 30.

Kwana ukun nan ba don ciyawa kaɗai ba ne. Ƙwan tsutsar ciki da ke fita a kashi yana zama ƙaramar tsutsa mai kama dabba cikin kwana huɗu zuwa bakwai idan akwai zafi da danshi, ta hau ganyen da ke kusa da ƙasa. In ka tashe su da wuri, ka bar ta a baya. Wurin ya huta wata guda ko fiye kafin a dawo. Hakan na nufin ka raba filin gida 11, kowane gida na kwana uku, duka kusan kashi biyu cikin uku na hekta. Mai ɗaure dabba a turke ma haka zai yi, ya riƙa matsar da turken gaba.

Ciyawar Brachiaria, wadda wasu manoman auduga ke shukawa, a shigar da 'yan tumakin tana santimita 30, a fitar tana 15. Gamba a shiga tana kamu ɗaya, a fita saura rabi. In ta fi ƙarfinsu, shanu su fara bi, ko a yanke a adana don rani.

Kada a saki da sassafe, a jira raɓa ta bushe. Duk mako biyu ka ja fatar idon ɗan rago ta ƙasa: ja lafiya ce, fari fat ko kumburi a ƙarƙashin haɓa alamar tsutsa ta sha jini, a nemi likitan dabbobi. Fadamun kogunan Binuwai da Logon suna da tsutsar ciwon hanta, a nesanta ƙanana da ruwan da ya kwanta.

Da ciyawa ta fara bushewa, ƙara harawar wake ko ta gyaɗa da yamma, da gishiri ko kanwa. Tunkuzar auduga giram 100 zuwa 150 ta ishi kowane ɗaya a rana, kuma ban da masu shan nono, domin gubar da ke cikin irin auduga tana kashe wanda tumbinsa bai ƙosa ba.