Yadda ake sayen kayan anime a Akihabara cikin yini guda

Akihabara unguwa ce a birnin Tokyo inda shagunan kayan anime, wato katun ɗin Japan, suka cunkushe a 'yan layuka kusa da tashar jirgin ƙasa. Abin da ke cinye kuɗin baƙo a nan shi ne saye a shagon farko. Mutum-mutumi iri ɗaya, na kamfani ɗaya, yana iya zama da farashi uku a shaguna uku da ba su wuce tafiyar minti biyar tsakaninsu ba. Don haka a zagaya sau biyu: na farko don kallo da rubuta farashi, na biyu don biya.

Tun daga masauki, ajiye hoton kowane abu da kake nema a waya, tare da sunansa da rubutun Japananci da sunan kamfanin da ya ƙera shi. Ma'aikacin shago ba lallai ya ji Turanci ba, amma da ya ga hoto zai nuna maka kanta. Duba farashin kayan a shafin intanet na shagon AmiAmi ko na Surugaya don ka san inda tsada ta fara. Ɗauki fasfo na ainihi, da tsabar kuɗi, domin wasu ƙananan shaguna ba sa karɓar kati.

Sauka a tashar Akihabara ta layin Yamanote ko Sobu, ka fita ta ƙofar Electric Town. Kada ka yi sammako. Radio Kaikan, benen mai hawa goma da ke daf da ƙofar, sai ƙarfe 10 yake buɗewa, Mandarake Complex mai hawa takwas kuwa sai 12 na rana, kuma yawancin shaguna suna rufewa ƙarfe 8 na dare. Ranakun aiki sun fi sauƙin cunkoso. Ranar Lahadi da rana ana hana motoci bin babban titin Chuo-dori, tafiya ta yi daɗi, amma layin biya ya yi tsawo.

Fara da Radio Kaikan. Hau lif zuwa can sama, ka riƙa saukowa hawa-hawa, kana rubuta sunan shago da hawa da farashi. A rubuce, domin shaguna da yawa sun hana ɗaukar hoto. Daga nan ka bi Chuo-dori ka leƙa Animate, sannan ka shiga lungunan da ke bayan titin, inda shagunan gwanjo irin su Surugaya da Lashinbang suke, ka ƙare da Mandarake. Wasu hawa na kayan manya ne zalla, da alamar 18 a bakin matakala. Mai tafiya da yara, ko wanda ba ya son ganin irin wannan, ya lura da alamar kafin ya hau.

Dole ka san ajin kayan da ke hannunka. Akwai mutum-mutumin da aka ƙera don kyautar injinan wasa masu ƙugiya, na kamfanoni irin su Banpresto da Sega da Taito. Kowane gwaji a injin galibi yen 100 ne, kuma wanda bai ƙware ba zai iya zuba fiye da kuɗin kayan ya tashi hannu rabbana. Shagunan gwanjo suna sayar da su a cikin kwalinsu, galibi kan yen dubu ɗaya zuwa uku, saye kai tsaye ya fi. Sai masu ma'auni, 1/7 ko 1/8, wato kashi ɗaya cikin bakwai ko takwas na ainihin tsayin ɗan katun ɗin, waɗanda fentinsu ya fi kyau nesa ba kusa ba, farashinsu kuma yakan haura yen 15,000. Nendoroid na Good Smile Company ƙanana ne, kimanin santimita 10, masu fuskoki da hannaye da ake musanyawa. Injinan gachapon, masu sako ƙananan kayan wasa a cikin ƙwallon roba, suna cin sulallan yen 100, yawanci uku zuwa biyar a juyi ɗaya, kuma ba kai ke zaɓar abin da zai faɗo ba. In guda ɗaya tak kake so a jerin, nemi shi a akwatunan gilashi na haya.

Waɗannan akwatuna mutane ne ke hayarsu su zuba kayansu, kowa da farashin da ya ga dama. Kana rubuta lambar akwati da lambar kaya a 'yar takarda, ma'aikaci ya buɗe maka. Nan ake tsintar dami a kala, nan kuma ake tsuga wa baƙo kuɗi. Ba a taya kaya a waɗannan shaguna, abin da aka rubuta shi ake biya.

Kayan gwanjo su ne ke buƙatar ido. Karanta takardar da ke jikin kwali: 未開封 na nufin ba a taɓa buɗewa ba, 開封 an buɗe, 中古 na hannu ne, ジャンク kuwa akwai lahani ko wani ɓangare ya ɓace. Lotsewar kwali kaɗai tana rage farashi, riba ce ga wanda zai jefar da kwalin. In an buɗe, nemi izini ka ƙirga ƙananan sassa da abin dasa ƙafa, ka duba ko farin fenti ya koma rawaya saboda hasken rana. Tsohon kaya da ya shekara da shekaru a rufe shi ma ba tsira ya yi ba: sinadarin da ke tausasa PVC, robar da ake ƙera shi da ita, yana tsattsafowa idan babu iska, jikin ya yi danƙo. Ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke kan cire shi. Yawanci ba a mayar da kayan gwanjo bayan an biya.

Abu ɗaya ke karya dokar zagaye biyu: kayan da ba a ƙera shi yanzu, guda ɗaya ya rage, farashinsa kuma bai wuce wanda ka rubuto ba. Ɗauke shi nan take.

A zagaye na biyu, tattara sayayya a shaguna kaɗan. Harajin saye kashi 10 cikin ɗari ne, kuma ana yafe wa baƙo idan ya kashe yen 5,000 ko fiye a shago ɗaya a rana ɗaya, muddin shagon yana da alamar Tax-Free kuma an nuna fasfo. Daga Nuwamba 2026 kuwa, tsarin shi ne a fara biyan harajin a shago, a karɓi kuɗin bayan kwastam sun tantance kayan lokacin fita ƙasar, saboda haka adana kowane rasit. Manyan kwalaye su zama na ƙarshe, ko ka kulle su a akwatunan ajiya na tasha, waɗanda sukan cika kafin azahar a ƙarshen mako.

Wajen shirya jaka, girma ne matsala, ba nauyi ba. Masu araha a fitar da su daga kwali, a naɗe kowane sashe daban, a ninke kwalin a shimfiɗa a ƙasan jaka. Masu tsada su zauna a robar da ta riƙe su, a cusa tufafi a gefe. Idan kaya sun fi ƙarfin jaka, gidan waya yana aikawa ta EMS, hidimar aika kaya ƙasashen waje cikin sauri. Wanda zai kai su ƙasa mai zafi kada ya bar su a mota ko kusa da taga, domin PVC na laushi da zafi, mutum-mutumin da ke tsaye kan ƙafa ɗaya ya fara karkacewa.