Yadda ake gano lalacewar ƙwaƙwalwar jikin mota da yadda ake canza ta

Cikin watan Agusta wani Alhaji ya kawo mini Peugeot 307 garejinmu a nan Garwa, ƙasar Kamaru. Abin share gilashi na tashi shi kaɗai da rana tsaka, ƙofofi na kulle kansu, gari na wayewa kuma batir ya mutu murus. Ya ce, "Malam, akwatin ne. Biyu na saya a baya, ka sa mini na uku." Na ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri zuwa la'asar." Da na ɗaga shimfiɗar ƙarƙashin ƙafa sai na tarar soson ya jiƙe sharkaf, filogin akwatin kuma ya yi kore shar da tsatsa. Ruwa ne ke cin akwatunan ɗaya bayan ɗaya, an bar jaki ana ta dukan taiki.

Akwatin da ake magana wata ƙaramar kwamfuta ce da ke kula da wutar jikin mota: fitilu, sigina, abin share gilashi, oda, gilasan ƙofa, makullan ƙofa, a motoci da yawa har da tantance makullin tayar da inji. Sunanta na gama-gari BCM. A Peugeot da Citroën ana ce mata BSI, a Renault kuwa UCH. A Toyota da yawa tana manne da akwatin fis na cikin mota, ƙarƙashin sitiyari. Daban take da kwamfutar inji, amma suna magana da juna ta wayoyi biyu da aka murɗe tare, waɗanda ake kira CAN.

Kayan aiki: mitar awon wuta, fitilar gwaji, na'urar bincike wadda muke ce wa baliz, zanen wayoyin motar, da cajar batir mai riƙe wuta daidai.

Mataki na 1: fara da batir

Ka auna shi mota na kashe. Cikakken batir na ba da volt 12.6. In ka ga 12.0 ko ƙasa da haka, ka yi masa caji kafin ka ci gaba, don akwatin nan in wuta ta yi masa ƙaranci sai ya riƙa abubuwa kamar ya lalace alhali lafiyarsa lau. Zafin Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40 a Garwa da Marwa da Njamena, na gajiyar da batir da wuri. Sai ka tayar da inji ka sake aunawa; ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.7. In ya haura 15, altaneta ce ke dafa kayan wutar motar, kuma ko sabon akwati ka sa, haka za ta yi masa.

Don Allah a bar ɗabi'ar cire kan batir inji na aiki wai don a gwada caji. A tsofaffin motoci an yi an sha, amma a mota mai kwamfuta tsallen wutar da ke biyo baya na iya ƙona akwati nan take.

Mataki na 2: fis, mas da filogi

A nan ne yawancin aikin yake, a nan kuma aka fi yin gaggawa. Kada ka duba fis da ido kawai. Ka taɓa ƙafafunsa biyu da fitilar gwaji. Duk inda ka ga an ɗaure fis da zaren waya ko takardar kwalin taba, ka san an taɓa samun gajeren haɗi, wato waya mai wuta ta taɓa wata wayar ko jikin mota, a wannan layin, kuma ba a gyara shi ba, rufe shi aka yi.

Sai mas, wato wayar da ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota. Ka kunna fitilu da fanka, ka ɗora tsinken mita ɗaya a kan batir na ragi, wato mai alamar (-), ɗayan a wayar mas ta akwatin. In awon ya wuce volt 0.2, mas ɗin ba shi da kyau. Ka kwance kusoshinsa, ka goge da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tam. Na ga motoci da yawa da wannan kaɗai ya warkar.

Daga nan ka cire filogan akwatin ka haska da tocila. Kore ko farin gari a kan tsinkaye alamar ruwa ce, baƙi da warin ƙuna alamar zafi. Ruwa kuwa ba ya shiga sai ya sami hanya. Ƙurar hunturu da ganyen darbejiya kan toshe magudanan da ke gindin gilashin gaba, damina na sauka sai ruwan ya cika ya malalo ciki. Bututun zubar da ruwan kilim, wato na'urar sanyaya mota, ma kan toshe, haka gilashin gaba da aka canza ba a like shi da kyau ba. Ka kuma bi wayoyin da ke ratsa robar ƙofar direba, don buɗewa da rufewa na karya su daga ciki, ɓeraye ma ba sa raga musu.

Ka tambayi mai motar, cikin ladabi amma ka nace: an yi walda a jikinta batir na haɗe? An ja wuta daga wata mota aka juya kawunan? An ƙara fitilu, manyan lasifika ko na'urar bin sawu? Sau da yawa amsar na bakinsa, bai dai san tana da muhimmanci ba.

Mataki na 3: haɗa baliz

Filogin bincike mai ramuka 16 yana ƙarƙashin dashbod. Ƙaramar na'urar da ke karanta inji kaɗai ba za ta wadatar ba. Kana buƙatar wadda ke shiga jikin mota, kamar Diagbox a Peugeot da Citroën, CLIP a Renault, Techstream a Toyota, ko babbar baliz mai karanta motoci iri-iri. Lambobin da suka fara da B na jiki ne, masu farawa da U na sadarwa. U0140 na nufin sauran kwamfutoci sun daina jin akwatin jiki. Wannan ba hukuncin kisa ba ne, domin akwatin da fis ɗinsa ya ƙone ma shiru zai yi. Ka rubuta lambobin duka kafin ka goge.

In baliz ta kasa shiga, ka cire batir ka auna tsakanin rami na 6 da na 14 na filogin bincike, inda wayoyin CAN biyu suke. Ohm 60 shi ne daidai. In ka ga 120, layi ya katse a wani wuri. In kusa da sifili ne, wayoyin biyu sun haɗe. Tsofaffin Peugeot irin 206 na amfani da wani tsari mai suna VAN a jikinsu, wannan awon bai shafe su ba.

In ta shiga, ka yi gwaji biyu. Ka danna maɓalli ka ga ko allon ya nuna akwatin ya ji. Sannan ka umarce shi daga baliz ya kunna oda ko fitila. Idan yana samun wuta, mas ɗinsa lafiya, ya ji umarni, wayar da ke fita ba ta taɓa jiki ba, amma wuta ba ta fito a tsinkensa ba, to yanzu kana da hujjar cewa ya mutu.

Mataki na 4: in batir ke mutuwa cikin dare

Ka sa mita a ma'aunin amfiya 10, ka ratsa ta tsakanin kan batir na ragi da wayarsa. Kada a murɗa makulli. Ka rufe ƙofofi ka jira kamar minti 30 motar ta yi barci. Abin da take sha ya kamata ya sauka ƙasa da miliamfiya 50. In bai sauka ba, ka riƙa zare fis ɗaya-ɗaya. Ko a fis ɗin akwatin awon ya faɗi, ka fara cire rediyo da na'urar bin sawu, ka duba maɓallin ƙofa, don wataƙila su ke hana shi barci.

Mataki na 5: samo wani akwatin

Lambar da ke jikin takardar akwatin ita ce abin bi, ba kamanni ba. Akwati biyu na iya zama iri ɗaya a ido, cikinsu daban. Ko daga Duwala za a aiko, ko a tsallaka Mubi ko Yola a nemo, ka tura hoton takardar, ka kuma yi sharaɗin mayarwa kafin ka biya sefa ɗaya.

Na hannu yana zuwa da bayanan tsohuwar motarsa. Hanya uku ce: a kwafe bayanan tsohon akwatinka a zuba a cikinsa, ko a wanke shi ya koma kamar sabo sannan a tsara shi, ko a sayi saiti guda, wato akwati da kwamfutar inji da makulli. Ni na fi son kwafewa in tsohon yana karantuwa, don komai na motar na zama yadda yake. A Peugeot ka kiyaye: BSI ma na riƙe da adadin kilomita, kuma in ya sha bamban da na agogon dashbod, mafi yawa ne ke zama. Za ka kuma buƙaci lambar sirri mai harafi 4 ta motar. In babu ita, sai an nemo da takardun mota, kuma ni ba na taɓa wannan aikin sai na ga sunan mai ita a kart-giriz, wato takardar rajistar motar.

Mataki na 6: canzawa da tsarawa

Kafin ka kwance, ka adana saitin tsohon akwatin a baliz, ka karɓi makullan motar duka. Ka sauke gilashin direba, kada ƙofa ta kulle makulli na ciki. Ka kashe mota, ka jira aƙalla minti 3 akwatin ya yi barci, sannan ka cire kan batir na ragi. Ka ɗauki hoton filogan da waya. Kowanne na da ɗan hannun da ake ɗagawa. Kada ka ja ta waya, robar da ta sha zafin shekaru tsinkewa take kamar busasshen kara. Filogi masu launin ruwan ɗorawa na jakar iska ne, kada ka sa musu fitilar gwaji.

Ka ɗaura sabon, ka mayar da filogai har ka ji sun ce ƙas, ka haɗa batir, ka jira minti ɗaya kafin ka murɗa makulli. Ka jona caja, don in wuta ta faɗi ana tsakiyar tsarawa akwatin na iya sumewa gaba ɗaya. Ka shigar da lambar shasi mai harafi 17 da abubuwan da motar ke da su, sannan ka koya masa makullai duka a zama ɗaya. A Peugeot wanda aka bari a gida ba zai ƙara tayar da motar ba sai an sake koyarwa. Gilasan ƙofa kuma ka kai su sama ka riƙe maɓallin 'yan daƙiƙu su gane iyakarsu.

Sai ka goge lambobi, ka gwada komai ɗaya bayan ɗaya, har fitilar baya da ta lamba. A motar Alhaji, bayan mun buɗe magudanan mun shanya soson a rana, na sa yarona ya kwanta ƙarƙashin dashbod da tocila, ni kuma na kwarara bokiti uku a gilashin gaba. Ya ce, "Maigida, ko ɗigo babu." Motar ta kwana a gareji, da safe na auna batir na sami 12.5, sannan na kira Alhaji ya turo direbansa.