Yadda ake gano abin da ke sa hotunan shafinka fitowa shida-shida, da maganinsa

Kwanaki na haɗa ma wani yayana mai sana'ar fata a Kasuwar Dole shafin intanet, muka loda hotunan takalma da jakunkuna kusan 40, sai ya kira ni wai hotunan suna fitowa kaɗan-kaɗan, shi dai ya ɗora laifin kan rezo. To rezon Damagaram mun san halinsa, amma wannan karon ba shi ba ne.

Abin kamar layin ruwa ne a famfo mai baki shida, ko bido nawa ka kawo shida ne za su cika lokaci guda, sauran sai jira. Haka Chrome da Firefox suke yi in saba, wato ordinatar da shafin ke ajiye a kanta, tana kan HTTP/1.1, tsohuwar ƙa'idar da burauza da saba ke magana da ita, koneksiyon 6 kawai suke buɗewa zuwa sunan shafi guda. A ƙa'idar HTTP/1.1 ta 1999 ma 2 aka ce, don kar mutum ɗaya ya shaƙe saba, daga baya burauzoji suka ƙara, a 2014 aka cire adadin daga ƙa'idar.

Da farko ka tabbatar. Buɗe shafin a ordinatar da Chrome, danna F12, shiga Network, ka sake loda shafin. Danna dama a kan layin sunayen ginshiƙan ka kunna Protocol. In ka ga http/1.1, sannan a Timing na hotunan ƙasa lokacin ya tafi a Queueing ko Stalled, to layin famfo ne. In h2 ka gani, wato HTTP/2, matsalarka daban ce, galibi nauyin hotuna.

Maganin gaske HTTP/2 ne, wanda ya fito a 2015, koneksiyon guda yake buɗewa ya tura buƙatu da yawa a cikinsa lokaci ɗaya, sabobi da dama suna barin 100 ko fiye. Amma burauza ba ta yin sa sai da HTTPS, wato koneksiyon mai tsaro, saboda haka ka fara sa satifiket ɗin tsaro, na Let's Encrypt kyauta ne ko dala ba za ka biya ba. Daga nan ka duba manhajar da sabarka ke aiki da ita, in Apache ne kunna mod_http2 ka rubuta Protocols h2 http/1.1, in Nginx ne daga 1.25.1 zuwa sama rubuta http2 on; ya isa. In hayar wajen ajiye shafi ka yi, tambayi masu wajen su kunna ma.

Akwai tsohuwar dabara ta raba hotuna kan sunayen shafi biyu uku don kowane ya samu nasa shida, ni dai ban ba da shawara ba, kowane suna sai an nemo adireshinsa an sake gaisawa da saba, a rezo mai rauni wahala ce kawai. Haka canja adadin koneksiyon a about:config, shafin saitin Firefox, naka kaɗai ka gyara, mai saye da portabul ɗinsa a Zengu ko Maraɗi bai san ka yi ba.

Sai hotunan, dan Allah a rage nauyinsu, hoton takalmi ba ya buƙatar mega 4, kuma a sa loading="lazy" a HTML ɗin hotunan don na ƙasa su jira har an gangaro. Na yayana da muka gama na sake danna F12, h2 daga sama har ƙasa, na tura mai ya gwada a wayarsa daga rumfa.