Faifai ya ƙi buguwa a Linux: kurakuran da aka fi yi

A shagonmu na Gadarif har yau ana kawo aikin buga faifai: tafsirin azumi, bidiyon biki, karatun da za a kai ƙauyen da intanet ke zuwa yau ya ɗauke gobe. Tsofaffin kwamfutocin namu Linux muka sa musu, don Windows ya yi musu nauyi. Sau da yawa idan Brasero ko K3b, wato manhajojin buga faifai, ya ce bai ga na'urar faifai ba, sai yara su ce ta mutu. Lafiyarta ƙalau, ko dai an kira ta da sunan da ba nata ba, ko kuwa ba a ba mai aikin izinin taɓa ta ba.

A fara da suna. Yarona ya kwafo umarni daga wani tsohon shafi mai cewa dev=0,0,0, wani kuma /dev/hdc, ya yi ta bugawa har la'asar. Waɗannan sunayen zamanin da ne: /dev/hdc tsohon sunan na'ura mai mahaɗin IDE ne, dev=0,0,0 kuma na lokacin da ake sa irin wannan na'urar ta yi shigar mai mahaɗin SCSI kafin ta yi rubutu, abin da Linux 2.6 na ƙarshen 2003 ya rage buƙatarsa. Yanzu ta farko /dev/sr0 ce, ta biyu /dev/sr1. Shi /dev/cdrom laƙabi ne kawai mai nuni zuwa sr0. Kada ka yi kirdado, rubuta lsblk ko xorriso -devices ka gani da idonka. Mai na'urar USB a kan ta ciki ya ƙara lura, don lambobin kan sauya bisa wadda aka fara ganowa. Sunan da ba ya motsi yana cikin /dev/disk/by-id.

Sai babban kuskuren, wanda ni ma na daɗe ina yi: chmod 777 /dev/sr0, wato buɗe wa kowa izinin na'urar. Yana aiki nan take, mutum ya ji kamar ya gama. Wuta ta ɗauke, ka kunna, komai ya koma yadda yake. Dalili kuwa, abin da ke cikin /dev ba ajiyayye ba ne. Duk tashin kwamfuta sabo ake ƙirƙira, udev, manhajar da ke kula da na'urori, ya sa masa mai shi da rukuni bisa ƙa'idojinsa. Ka yi ta zane ne a kan ruwa.

Gyaran gaskiya shi ne ka duba ls -l /dev/sr0. A Debian da Ubuntu za ka ga root, wato babban asusu mai cikakken iko, da rukunin cdrom, a Arch kuma optical. Sa kanka cikin rukunin da sudo usermod -aG cdrom sannan sunanka. Don Allah, ɗan'uwa, kada ka manta da wannan ƙaramin a ɗin. Idan ka rubuta -G shi kaɗai, za a fitar da kai daga duk sauran rukunanka, har da na sudo mai ba ka ikon root, ka wayi gari ba ka da ikon gyara ɓarnar da ka yi. Bayan haka ka fita daga asusunka ka sake shiga, in ba haka ba sabon rukunin ba zai hau ba. Umarnin id zai nuna maka ko ya hau.

Wasu kuma gajen haƙuri ke sa su buɗe K3b da sudo. Faifai zai bugu, amma yakan bar fayilolin saiti mallakar root a gidanka, gobe manhajar ta ƙi adana komai.

Akwai wani mai ruɗarwa. Kana zaune gaban kwamfuta yana bugawa, ka shigo daga wata kwamfutar ta SSH, hanyar shiga daga nesa, sai ya ce ba izini. Alamar + da ke ƙarshen izinin sr0 ita ce bayanin: systemd, manhajar da ke tafiyar da ayyukan Linux, yana ba wanda ke zaune gaban allo izini na wucin gadi, na nesa bai samu ba. getfacl /dev/sr0 zai nuna sunan wanda aka ba. Shiga rukuni yana warware wannan ma.

In duk wannan ya daidaita amma aka ce na'ura tana cikin aiki, galibi faifan RW ne, wato wanda ake gogewa a sake bugawa, mai tsohon abu a ciki da kwamfuta ta buɗe da kanta. Rubuta umount /dev/sr0, ka rufe tagar fayiloli, ka sake gwadawa.